Jahazi: Masu Sassaƙa Jirgin Iska da Masu Tuƙa Shi a Lamu

Tsibirin Lamu yana gaɓar Kenya ta arewa, ba nisa da iyakar Somaliya, kuma kusan duk abin da ake ci ko ake gini da shi a garin ta ruwa yake shigowa. Lungunan tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, sun yi wa mota ƙunci, don haka jaki ne ke dako a tudu, jirgi kuma a ruwa. Buhunan siminti, da tubalin farin dutsen teku da ake yankowa a tsibirin Manda, da yashi, da sandunan rufi, duk daga cikin jiragen katako ake sauke su a bakin gaɓa. Babban cikinsu shi ne jahazi, mai bi masa kuma mashua. Da yawansu har gobe iska ce ke tura su, ta hanyar wani makeken ƙyalle mai kusurwa uku da mutanen wurin ke kira tanga.

Iskar Tekun Indiya tana da alƙawari, kuma a kan alƙawarin nan aka gina sana'ar tun fil'azal. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, sunanta kaskazi. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba sai ta juyo daga kudu, ta zama kusi. Jiragen Oman da Kuwait da Yaman da Indiya sukan biyo kaskazi su gangaro da dabinon Basara da gishiri da busasshen kifi, su sayar a Mogadishu da Lamu da Mombasa da Zanzibar, su yi lodin sandunan rufi da kanumfari da kwakwa, su jira kusi ta mai da su gida. Tafiya ɗaya a shekara. Wani littafin Girkanci na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa ya ambaci jiragen wannan gaɓa waɗanda ake ɗinke katakonsu da igiya, ba ƙusa ko ɗaya. Ibn Battuta ma ta wannan hanya ya isa Mombasa da Kilwa a 1331. Mu kanmu ba baƙin irin jiragen nan ba ne. Alhazanmu da suka yi tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan, da yawansu a Sawakin suka shiga sambuk, ɗan'uwan jahazi, ya ƙetare Bahar Maliya da su zuwa Jidda.

Aikin yana farawa ne a daji. Mai son jirgi zai je wurin fundi, wato gwanin masassaƙi, ya faɗa masa tsawon da yake so da irin kayan da zai riƙa ɗauka. A Lamu, ƙauyen Matondoni ne ya yi suna a wannan aiki, kamar yadda Nungwi ta yi suna a Zanzibar. Daga nan sai neman itace, kuma kowane sashe na jirgi da irin nasa. Ƙashin baya, wato dogon gungumen da ke kwance a ƙasan jirgin wanda komai ke hawa kansa, sai itace mai tauri da ba ya jin ruwa. Falankin jiki an fi son na mbambakofi, ɗan'uwan kawon da muka sani, ko na mvule, wanda muke kira loko. Haƙarƙari kuwa ba a yanko su daga miƙaƙƙen katako. Fundi yakan shiga kurmin mikoko, itatuwan da ke tsira a cikin ruwan gishiri, ko ya bi gonakin mangwaro da darbejiya, yana duban reshen da Allah ya tanƙwara daidai da cikin jirgin da ke kansa. Reshen da ya girma a tanƙware jijiyarsa ta bi lanƙwasar, ba ya karyewa. Wanda aka fitar da zarto daga miƙaƙƙen gungume kuwa, ranar da igiyar ruwa ta maka shi sai ya tsage.

Babu zane a takarda. Fundi yana da igiya da yake tsomawa cikin ruwan launi ya ja ta ya saki, ta bar masa miƙaƙƙen layi a jikin katako, yana da gizago da zarto da guduma, da abin huda da ake murzawa da baka da tsirkiya. Sauran duk a idonsa yake. Akan shimfiɗa ƙashin baya a kan yashi kusa da ruwa, a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, a kafa gungumen goshi da na baya, sannan a fara jera falanki daga ƙasa. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne jiki ake fara tayarwa, ana riƙe shi da 'yan katakai na wucin gadi ta waje, sai ya ɗauki siffa sannan a shigar da haƙarƙari ta ciki. Falankin da zai lanƙwasa akan shafa masa mai, a gasa shi a kan wuta kaɗan-kaɗan, a danne shi da nauyi har ya bi. In aka gaggauta ya fashe, an yi asarar katakon da aka biya da tsada.

Haɗa falanki biyu shi ne inda ake gane gwani. Za a ɗora sabon a kan na ƙasa, a duba inda haske ke ratsawa, a sauke, a ɗan shafce da gizago, a sake ɗorawa. Falanki ɗaya yana iya cin yini. Gizagon fundi a kusa da yatsun ƙafarsa yake sauka, yana fitar da ɓawo siriri, shi kuwa ko kallon ƙafar ba ya yi. Ƙusoshin kuwa maƙera ne ke ƙera su da hannu, dogaye masu faɗin kai. Sai an huda rami tukuna, a naɗe wuyan ƙusa da auduga mai mai don kada ruwa ya bi ta, a buga, sannan a tanƙwara tsininta ta ciki ta kama haƙarƙari. Yaron da ya zo koyo da share ɓawon itace da wasa gizago yake farawa, ya shekara yana riƙe wa manya falanki kafin a bar shi ya sare wani abu da zai shiga ruwa.

Kuɗin jirgi katako ne ke cinye mafi yawansa, sai ƙusa, sai ƙyalle da igiya, sai inji ga mai hali. Mai jirgi shi ke sayen kaya ya kuma ciyar da ma'aikata, fundi kuma a biya shi kashi-kashi yadda aikin ke tashi. Shi ya sa babban jahazi yakan kai shekara ko fiye, kuma ba wuya ka ga gangar jirgi ta tsaya rabi a ƙarƙashin rumfa wata da watanni, ba don komai ba sai don aljihun mai ita ya bushe. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci a dazuzzukan gaɓa, kuma da gwamnatin Kenya ta dakatar da sare itace a 2018, katako ya ƙara tsada, aiki ya tsaya wa mutane da yawa. Fundi ba ya yin arziki da wannan sana'a. Abin da yake samu shi ne rufin asiri da suna, domin a bakin gaɓa kowa ya san hannun wanda ya yi kowane jirgi.

Ranar saukar da jirgi ruwa ranar gari ce. A yanka akuya, malamai su yi addu'a, a karanta maulidi, maza su kama igiya su ja shi a kan gungumai har ya taɓa ruwa. A goshinsa ta kowane gefe akwai ɗan faifan katako mai hoton wata da tauraro, wanda suke kira idon jirgi.

To, a nan ne mai kallo zai ce aiki ya ƙare, alhali yanzu aka fara. Jirgin katako kullum cikin lalacewa yake, kuma duk wanda ya daɗe a teku ya san cewa lafiyar tafiya a kan yashin gaɓa ake nemanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban aikin gyara shi ne kalafati, wato toshe tsakanin falanki. Wata ne ke tsara lokacinsa. A farkon wata da daren sha huɗu teku takan cika sosai ta kuma janye sosai, abin da suke kira bamvua. Sai a shigo da jirgi can sama lokacin da ruwa ya cika, a tokare shi da sanduna, in ruwa ya janye ya bar shi a kan yashi. Sa'o'i kaɗan ne a hannu kafin ruwa ya dawo. Mai kalafati zai tsuguna a ƙarƙashin cikin jirgin, da ƙarfe mai faɗin baki marar kaifi a hagu, guduma a dama, da curin auduga da aka murza aka jiƙa da man kwakwa rataye a wuya. Ya ƙwaƙule tsohuwar audugar da ta ruɓe, ya cusa sabuwa, ya bi ta da bugu taƙi bayan taƙi. Da kunne yake aikin. In ƙarar ta fito a dushe, akwai sauran rami. In ta yi ƙarfi ta cika, wurin ya toshe. In kuwa ya wuce gona da iri, audugar za ta kumbura a ruwa ta raba falankin da ake son haɗawa. A ganina duk cikin masu wannan sana'a babu wanda aka fi rainawa kuma aka fi dogara da shi kamar mutumin nan da ke tsugune cikin taɓo, domin rayukan mutum goma suna rataye a kan abin da kunnensa ya ji.

Bayan kalafati sai a kankare gansakuka da ƙananan katantanwa da suka manne a ciki, waɗanda ke rage wa jirgi gudu. Mugun abokin gaba ba a ganinsa: wata halitta ce mai kama da tsutsa da ke shiga katako ta ɗan rami kamar na allura, ta ci cikinsa ta bar fatar waje lafiya lau. Akan bi falanki da bugun guduma, ko a soka wuƙa, don gano inda ta yi ɓarna. Maganinta na gargajiya shi ne a dama farar ƙasa da aka samu daga ƙona dutsen teku da kitsen dabba, a shafe duk inda ruwa ke taɓawa, a riƙa sabuntawa bayan 'yan watanni. Daga saman ruwa kuma, ciki da waje, man hantar kifin shak ake shafawa, wanda suke kira sifa. Warinsa ba ya ɓuya, amma yana hana katako bushewa ya tsage a rana. Yau masu hali sun koma fentin kanti mai kashe tsutsa, marasa hali suna nan kan na kakanni. Ƙusa ma tana da ajali. Gishiri na cin ta, kuma jan tsatsa da ke gangarowa a jikin falanki shi ne sallamar da take yi.

Tanga ɗinkin hannu ne, ƙyallen auduga mai kauri da ake jerawa fale-fale a zagaye bakinsa da igiya. In aka naɗe shi da danshi ya yi funfuna, ya yage ranar da aka fi bukatarsa, don haka shanya shi wajibi ne, allura da zare kuma ba sa barin jirgi. Igiyar gargajiya ta ɓawon kwakwa ce, mata ke binne ɓawon a yashin gaɓa na watanni ya yi laushi, su daka su tufka. Ta roba ta maye gurbinta, ta fi sauƙin samu, sai dai rana na cin ta ba tare da ta nuna ba. Nahodha na ƙwarai, wato shugaban jirgi, kafin ya tashi sai ya bi kowace igiya da tafin hannu, musamman wadda ke ɗaga doguwar sandar da tanga ke rataye a jikinta. Sandar nan, foromali, itace biyu ne ko uku da aka ɗaure, tsawonta yakan kai na jirgin kansa, kuma in ta faɗo a kan mutane ba a cewa komai.

A teku, aikin da ya fi nuna ko mutanen jirgi sun san juna shi ne juya tanga daga gefe zuwa gefe. Jahazi ba ya juyawa da goshi cikin iska yadda jiragen shaƙatawa na Turawa ke yi. Baya yake ba ta. Nahodha zai karkata usukani, wato katakon tuƙi da ke wutsiyar jirgi, ya ɗaga murya. Wani ya saki igiyar gindin tanga, ƙyallen ya tashi gaba yana kaɗawa da ƙara. Wasu su ja gindin foromali har ta miƙe tsaye jikin jigon jirgi, wato gungumen da ke ɗauke da ita, su zagaya da ita ɗaya gefen. Wani ya ruga da igiyar ta gaban jigo ya kai ta baya, a kwance igiyoyin da ke riƙe jigon a mai da su ɓangaren da iska ta koma, a ja buhunan yashin da ke daidaita nauyi. Duk wannan cikin ɗan lokaci, a kan jirgin da ke tangaɗi, wani sa'in cikin duhu. Mutum ɗaya ya yi jinkiri, iska ta cika tanga a karkace, jirgi ya kwanta. Kuma ba a rage girman tanga in iska ta tsananta. Sauke shi ake yi gaba ɗaya a ɗaura ƙarami, saboda haka dole nahodha ya karanta sama tun hadari bai iso ba.

Sanin hanya ilmi ne mai zaman kansa. Ahmad ibn Majid, mutumin Julfar a ƙasar da yau ake kira Ras al-Khaima, ya rubuta littafi a kai a 1490, ya tsara taurari da ranakun tashi daga kowace tashar jirgi. Matuƙan zamaninsa da ɗan allo mai igiya, kamal, suke auna tsayin tauraro daga bakin ruwa, da yatsu suke lissafi. Lamu kuwa tana kudu kaɗan da tsakiyar duniya, tauraron arewa ba ya fitowa, sai a koma ga wasu. Nahodhan yau yana da wayar salula, wani har da na'urar GPS, amma a kusa da gaɓa idonsa ne jagora. Ruwa shuɗi mai duhu akwai zurfi, kore ya fara yin kusa, ruwan ƙasa-ƙasa dutse ne a ƙarƙashi. Gaɓar nan duwatsun teku sun yi mata shinge, ta 'yan ƙofofi ake shiga, kuma mai hankali ba ya tunkarar ƙofa rana na dukan idonsa. Mashigin Mkanda, tsakanin Manda da babban tudu, sai an lura da cikar ruwa ake bi. A tsakiyar kusi, daga Yuni zuwa Agusta, teku takan haukace, ruwa na gudu arewa da ƙarfi, kuma mutanen da a watannin nan ajiye manyan tafiye-tafiye suke yi su zauna gyara.

Rayuwa a ciki ba daɗi. Galibin jahazi buɗe yake, ba rufi sai ɗan dandamali a baya, a kan kaya ake kwana. Girki a cikin akwatin yashi ake yi da gawayi, shinkafa ko tuwon masara da kifi da shayi, ana tsaron wutar domin komai na jirgin ya sha mai. Ruwan sha a jarka, da awo. Makewayi ɗan akwati ne da ke rataye a waje ta baya. Babu jirgin katakon da ba ya yoyo, don haka kwarfar ruwa aiki ne na dare da rana, kuma daga yawan bokitin da aka kwarfe nahodha ke sanin ko wani wuri ya buɗe. Gishiri na tsattsaga hannu, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Alan Villiers, wani matuƙi ɗan Ostireliya da ya bi jirgin Kuwait daga Adan a 1938 har Zanzibar da bakin kogin Rufiji ya ƙarasa Kuwait a 1939, ya ba da labarin ma'aikatan da ba su mallaki komai ba sai tabarma da ɗan akwati, suna aiki da waƙa, suna tsai da salla a kan lodi.

Abin da ke kifar da jirgi a yau sau da yawa gaggawa ce da kwaɗayin lodi. Inji alheri ne, yana fitar da mutum daga bakin dutse ranar da iska ta ɗauke. Amma shi ne kuma ya koya wa mutane fita a ranar da kakanninsu za su zauna, kuma in ya mutu a tsakiyar mashigi ga jirgin da aka bar tanga a gida, sai yadda Allah ya yi. Jirgin da aka danƙara wa tubali har ruwa ya kusa bakinsa, igiyar ruwa ɗaya ta ishe shi. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Kenya ta wajabta rigar ceto da lasisin tuƙi, kuma ina ganin daidai ne, sai dai rigar da aka danne a ƙarƙashin buhunan siminti sunanta babu. Wayar salula ma da an yi nisa da gaɓa ta zama kurma, shi ya sa rediyon jirgi ya fi ta amfani. Ba na cikin masu cewa a bar tsofaffi da iliminsu kawai. Nahodhan da zan yarda in ba shi ɗana shi ne mai sauraron hasashen yanayi, mai ƙirga rigunan ceto, wanda kuma zai iya duban mai kaya ido da ido ya ce buhu ashirin ɗin nan sai wani zuwan.

Ba albashi a jahazi, rabo ake yi. In an dawo, a cire kuɗin abinci da na mai da na tasha, a ware kason jirgi wanda mai shi zai ɗauka ya yi gyara daga ciki, sauran a raba wa ma'aikata, nahodha ya fi kowa, yaro mai koyo ya samu ɗan abin da ya samu. In ba lodi, ba ko sisi. Yawancinsu kafin a tashi sun riga sun ci bashi an bar wa iyali cefane, don haka rabon na shiga hannu yana fita.

Kasuwar ma ta sha juyi. Arzikin man fetur ya sa Larabawa sun koma gini da siminti da ƙarfe, sannan Kenya ta hana fitar da sandunan rufi na mikoko waje a 1982, doguwar tafiyar Larabawa ta mutu. Masu jirgi suka koma dakon kusa da kamun kifi da yawo da baƙi masu buɗe ido, har aka shigo da samfurin Mozambik mai faɗin ciki wanda ya fi daɗin zama. A 2011 'yan bindiga daga Somaliya suka sace Turawa a Kiwayu da Manda, baƙi suka ɗauke ƙafa, aka kuma taƙaita fita teku da dare. Aikin gina sabuwar tashar manyan jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 2021, ya ci wuraren kamun kifi, har wata babbar kotu a 2018 ta yanke a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76. Jiragen roba masu inji biyu sun kwashe fasinja, samari da yawa can suka koma domin kuɗinsu a hannu ne kullum. Duk da haka, ranar tseren jirage, ko a bikin Maulidin masallacin Riyadha ko a na al'adun Lamu, samarin nan ne ke rataye a kan katako ta gefen jirgi suna danne shi da nauyinsu, kuma a irin ranakun ne da yawansu ke koyon juya tanga.

Wasu masassaƙan sun fara neman abin da zai maye itace. A 2018 fundi Ali Skanda da abokan aikinsa suka gama wani jirgi a Lamu, Flipflopi, wanda aka narka tarkacen roba da aka tsinto a gaɓa aka yi masa ƙashin baya da haƙarƙari da falanki, aka lulluɓe shi da tsofaffin silifa kimanin 30,000. A farkon 2019 ya bi kaskazi daga Lamu zuwa Zanzibar, tafiyar kusan kilomita 500, da tanga irin na kowa. Tsutsa ba ta cin roba, amma gizago da ido da lissafin lanƙwasa duk na Matondoni ne.

Jahazin da aka kula da shi yakan yi shekaru da dama, ana canza masa falanki ɗaya bayan ɗaya har ya zama kaɗan ne ya rage daga katakon farko. In ƙashin baya ya ruɓe, gyara ya fi ƙarfin mai shi, sai a ja shi gefe a kwance. Jigo da foromali da anka da igiya su koma wani jirgin, ƙusoshin da suka yi saura su koma maƙera. Falankin kuwa, wanda ya sha gishiri da man kifi har ya yi baƙi, kafintocin Lamu da Zanzibar da Nairobi ne ke zuwa ciniki, su yi tebur da gado da ƙofa su sayar wa otal-otal, da ramukan ƙusar a jiki ba a toshe ba.